Taƙaitawa: yadda za a yaɗa Linux a unguwanni da makarantu

An tattauna yadda za a yaɗa Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Ga abin da aka yi ittifaƙi a kai:

1. A fara da masu tsofaffin kwamfutoci, tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. Linux Mint Xfce, wani nau'in Linux mara nauyi, yana tashi da RAM 2GB, amma da 4GB ya fi sakewa.

2. Kada a goge wa kowa komai ranar farko. A sa Mint a filasha mai 8GB da manhajar Ventoy ko Rufus, a tayar da kwamfutar daga nan (a danna maballin F9 a HP, F12 a Dell, yayin kunnawa), a gwada Wi-Fi, sauti da firinta. Katin Wi-Fi na Broadcom ne ya fi kawo cikas: a jona wayar hannu da kebul don samun intanet, a buɗe Driver Manager, manhajar Mint da ke girka abin da katin yake buƙata don ya yi aiki.

3. Kafin girkawa a kwafe fayiloli waje, a kashe BitLocker (makullin diski na Windows) da Fast Startup (tsarin saurin tashi na Windows), batir ya cika, domin ɗauke wuta ana tsakar raba diski yana lalata bayanai.

4. A kunna maballan Hausa don ƙ, ɗ da ɓ.

Inda aka rabu: wasu sun ce a bar Windows a kwamfutar tare da Linux, wasu sun ce wanda aka bar wa Windows can yake komawa. Masu shagon buga takardu kuwa, CorelDRAW, manhajar zane da suke amfani da ita, ba ya aiki a Linux. Wasu na ganin Inkscape, manhajar zane da ke aiki a Linux, ya wadatar, masu sana'ar sun ce bai kai ba. A ganina, kada a matsa musu.