Zan rufe kafe ɗina, yaya zan yi da tsofaffin kwamfutoci 14?

Baban Amira ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema.

Tun 2012 nake da kafen intanet a unguwarmu nan Kano. Da can in lokacin rajistar jarrabawa ya zo har waje ake layi, amma tun da JAMB ta mayar da rajista cibiyoyin CBT, kowa kuma ya samu babbar waya, sai ka wuni ba ka yi cinikin kuɗin fetur ba. Mai shago ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kwashe kayana.

Abin da ke ƙasa: kwamfutocin tebur 14, shida ne kawai ke tashi. Sai tsofaffin sikirin masu ƙeya guda biyar da suka shekara takwas a sito, UPS (na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke) huɗu da batiransu suka mutu, injin fotokwafi ɗaya, da buhu guda cike da wayoyin wuta. Jiya wani ɗan gwangwan ya zo da kurarsa ya taya duka N60,000. Har na kusa cewa alhamdulillahi, sai ƙanena da ke yi mini tayifin ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, kayan mutane da ke ciki fa?"

Nan jikina ya yi sanyi. Hotunan fasfo, takardun NIN, lambobin BVN, takardun filaye, sakamakon asibiti, har takardun rabon gado mun buga wa mutane a nan. In na yi musu fomat ya wadatar? Sannan ina ganin yadda ake ƙona waya a bayan layinmu, hayaƙin har cikin gidaje, ba na son kayana su ƙara a kai.

Mai Gyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka saya wa ƙanen nan naka tsire, ya cece ka.

Gyaran kwamfuta nake yi a Beirut Road, kuma wannan abu kullum muna ganinsa. Gogewa da fomat na gaggawa ba sa share komai. Kamar ka cire lambar gida ne daga jikin ƙofa, gidan yana nan da mutanensa, sai ranar da aka rushe aka yi sabon gini a wurin. Kwamfuta tana rubuta wa kanta ne kawai cewa wannan gurbin babu kowa, amma bayanan suna kwance har sai wani abu ya hau kansu. Akwai manhajojin kyauta da yaron shagona zai dawo da su kafin ka gama shan shayi. Na taɓa sayen rumbun ajiya (hard disk, inda kwamfuta ke adana bayanai) na hannu don in saka wa wani kwastoma, ina dubawa sai ga hotunan bikin wasu bayin Allah da takardun albashin maigidan. Ban san su ba, su ma ba su san suna hannuna ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi tsofaffin rumbuna a kasuwa a Ghana, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka a cikin ɗaya. Dala 40 suka saye shi.

Ga yadda zan yi in ni ne. Shidan da ke tashi, ka sa musu DBAN, kyauta ce, a filashi ake ɗora ta a tashi kwamfutar da ita. Tana bin rumbun daga farko har ƙarshe tana rubuta wani abu a kan tsohon. Zagaye ɗaya ya isa, kada wani ya ce maka sai sau bakwai, ɓata fetur ne. Sai dai ka tanadi wuta, don kowace za ta iya cin awanni, in aka ɗauke a tsakiya kuma sai an sake daga farko.

Takwas ɗin da suka mutu su ne abin tsoro, domin kwamfuta na iya mutuwa rumbunta yana nan lafiya ƙalau. Ka kwance ƙusoshi ka zare su da hannunka. Wanda ke aiki a jona shi da wata kwamfutar a share, ka sayar daban. Wanda ya ƙi, ka kai wa mai walda ya huda shi da injin huda wuri uku ko huɗu, ta yadda zai ratsa faifan da ke ciki, kana tsaye. Kada ka aika yaro.

In akwai mai SSD a ciki, wato sabon nau'in rumbun ajiya, ita DBAN ba ta dace da ita ba, don ba faifai ne da ita ba, ƙananan ƙwayoyi ne. Sai dai manhajar kamfanin da ya ƙera ta, ko a farfasa kowace ƙwaya da guduma. Sannan ka buɗe bayan injin fotokwafin nan. Manyan na ofis da yawa suna da nasu rumbun, kuma hoton takardun da aka ɗora musu yana iya zama a ciki. Wannan kusan kowa mantawa yake yi.

Sarkin Kondem ya rubuta:

Ni sana'ata ke nan, don haka bari in kare 'yan'uwana. Wallahi ɗan gwangwan ba ruwansa da BVN ɗin kowa, sikeli kawai ya sani. Ƙarfe kilo kaza, jan ƙarfe kaza, alminiyom kaza, fanel kuma kuɗinsa daban. Amma gaskiya ɗaya ce, duk abin da muka ga yana da sauran rai ba ma fasa shi, masu gyara muke kai wa, don ya fi tsada a haka. Daga nan kuma ba mu san hannun da zai faɗa ba. To ka cire rumbunka kafin ka kira mu.

Kuma N60,000 ya yi maka wayo, Alhaji. Batiran UPS ɗin kaɗai kuɗi ne. Kada ka sayar a dunƙule.

Ɗan Nima ya rubuta:

Gaisuwa daga Accra. Maganar hayaƙin ce ta tsayar da ni.

Na yi shekaru ina kai kaya Agbogbloshie, babbar kasuwar gwangwan ta nan Accra, kafin hukuma ta rushe wurin a watan Yulin 2021. Yawancin yaran da ke ƙona waya a can daga arewacin Ghana suka zo, wajen Tamale. Sai su dunƙule wayoyi, su haɗa da tsohuwar taya ko soson bayan firij don wuta ta kama, su tsaya a kai da sanda suna juyawa har robar ta cinye, jan ƙarfe ya fito. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe har kasuwar albasa da doya da ke gefe, toka kuma ta gangara kogin Odaw. Duk wanda na sani a cikinsu yana fama da tari da ciwon ido, ga tabon ƙuna a hannu. Da aka rushe wurin ma ƙonawar ba ta tsaya ba, watsuwa ta yi cikin unguwanni.

Abin da Turawa masu zuwa ɗaukar hoto ba su cika nunawa ba shi ne a wurin nan akwai gwanayen gyara, mutum zai haɗa maka kwamfuta guda daga matattu uku. Don haka ni ba na zagin sana'ar, wutar ce matsala. Buhun wayoyin nan naka, masu kauri a feɗe su da wuƙa a zare jan ƙarfen, ya ma fi daraja a sikeli in bai sha wuta ba. Masu kyau kuma ka ba masu gyara, kullum suna neman wayar wuta.

Sikirin masu ƙeya kada ka bari a fasa su a ƙofar shago. Jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan kwalbar ake nema, sai a bar maka tarkacen gilashi, shi kuwa gilashin dalma ce a cikinsa.

Maman Walid ta rubuta:

Baban Amira, a kan dalma zan ƙara. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar dai ita ce ke cikin batiran UPS ɗinka, ga ruwan batir a kai. Ka kai su wurin masu sayar da batirin sola su karɓa a cike yadda suke, kada a fasa a zubar da ruwan a kwata inda yara ke wasa.

Bayanan mutane kuma amana ce, yanzu har doka ta shigo ciki, tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023. Su sikirin ɗin, ka leƙa ofishin NESREA, hukumar kula da dokokin muhalli, ka tambayi masu karɓar irin wannan shara da ke da rajista. Akwai kuma EPRON, ƙungiyar da kamfanonin kayan lantarki suka kafa don tattara ta, ko da yake harkar ta fi ƙarfi a Legas.

In ka share masu aikin, don Allah ka tuna da makarantun unguwa. A tamu yara 50 ke kallon kwamfuta a zane a jikin allo.

Baban Amira ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri. Mai Gyara, maganarka ta fito, mun buɗe injin fotokwafin jiya sai ga rumbu a ciki. Cikin rumbunan matattu takwas ɗin nan kuma biyar sun tashi da aka jona su, a ɗaya har na ga takardar gidan maƙwabcina ta 2015. Uku mun kai wa mai walda, ya karɓi N1,500 yana ta dariya wai bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗi a lalata masa kaya ba.

Maman Walid, biyu na makarantarku ne, ki turo a ɗauka ranar Asabar. Sarkin Kondem, sauran ƙarafan suna jiranka, amma ka zo da sikelinka ni ma zan aro nawa. Sikirin biyar ɗin dai har yanzu suna sito, ban samu mai karɓa ba, ga wata saura kwana tara.