Aikin lauyan kamfani a karkara: waɗanda suka taɓa yi su faɗa mana

Ƙanwarku daga Bunkure:
Assalamu alaikum manyana. Na gama makarantar horas da lauyoyi ta Bagauda, na yi bautar ƙasa, yanzu ina aiki a wani ofishin lauyoyi a cikin birni. Wani kamfanin casar shinkafa da ke yankinmu ya yi mini tayin zama lauyarsa mai kula da shari'o'i. Albashin ya fi abin da nake samu, ga shi kusa da gida. Damuwata ita ce ina son tsayuwa gaban alƙali. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan aiki ya gaya mini gaskiyar yadda yake.

Barista daga Kura:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki fara sanin wannan: ƙa'ida ta 8 a ƙa'idojin aikin lauya ta hana lauyan da ke cin albashi ya tsaya a kotu yana kare wanda ya ɗauke shi aiki, sai dai lauyan gwamnati. Baƙar rigarki za ta huta a rataye. Ke za ki zaɓi lauyan waje, ki yi ciniki da shi, ki tattaro masa takardu da shaidu, ranar shari'a ki zauna a bayansa kina miƙa masa 'yar takarda. Da farko abin ya yi mini ciwo sosai. Daga baya na gane tun a ofishina ake cin shari'ar ko a faɗi, domin lauyan waje ba ya iya ƙirƙiro takardar da ba a ajiye ba.

Mu a nan yawancin rigimarmu ta ƙasa ce. Kamfani ya sayi gona zai gina rumbun ajiya, mai unguwa da dagaci sun sa hannu, an biya kuɗi, an yi addu'a. Sai an fara zuba kankare wata baiwar Allah ta taso daga ƙauyen da take aure, ta ce gonar ta mahaifinsu ce, ba a raba gado ba, yayanta ya sayar ba da saninta ba. Kuma sau da yawa gaskiya gare ta. Tun daga nan ba na bari a biya ko sisi sai na ga takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, na kuma zauna da magada, har matan da ke gidajen mazajensu. Wata gonar ma jingina ce ko aro, mai nomanta ya daɗe a ciki har mutane sun ɗauka tasa ce. Dattawan da ke maƙwabtaka da gonar su ne suka san wannan, su za ki tambaya.

A ɓangaren doka kuma, ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka a karkara, amma ba ta wuce hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo sai da amincewar gwamna. Ki riƙe wannan idan kamfaninku ya fara maganar babbar gona.

Yayarki daga Hadejia:
'Yar'uwa, ni ɓangaren bashin manoma na fi sani. Kamfaninmu yana ba manoma iri da taki da maganin feshi, su biya da shanshera bayan girbi. A damunar 2022 ruwa ya cinye gonaki a Auyo da Kafin Hausa da kewayen Hadejia. Na je da kaina na ga gonar da ba a ganin komai sai kan karan dawa a saman ruwa, mai ita yana tsaye a bakin hanya da 'ya'yansa da tabarmi a naɗe. Na dawo ofis na tarar da umarni daga sama cewa a shigar da ƙara kan duk wanda bai biya ba.

Na rubuta wa daraktoci cewa ban ba da shawarar haka ba. Na lissafa musu kuɗin lauya da na kai sammaci ƙauye-ƙauye, na nuna musu ko an ci shari'ar babu abin da za a kama a gidan mutumin da ruwa ya cinye rumbunsa. Na kuma tuna musu cewa waɗannan manoman ne za su cika mana injin baɗi. Sai da aka kai ruwa rana kafin su yarda a zauna a gaban hakimi, aka ɗage biyan zuwa girbin noman rani. Akwai waɗanda suka fake da ambaliya alhali sun sayar da amfaninsu a kasuwa, su kam mun kai su kotu.

Wani abu kuma: manomi da yawa yatsa yake dangwalawa a yarjejeniyar da aka rubuta da Turanci. Idan babu bayani a jikin takardar cewa an karanta masa an fassara masa ya gane, da sunan wanda ya rubuta, lauyansa zai tayar da dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba. Ni yanzu ina sa a yi ta da Hausa, a karanta a bainar jama'a. Wasu dattawan da ajami suke rubuta sunansu, kuma ina karɓa da hannu biyu.

Tsohon lauyan kamfani, Gwarzo:
Ni na yi na bari. Mai kamfanin yana ganin tunda shi ke biyana, dole ra'ayina ya zama nasa. Ranar da ya ce in je in "ga" magatakardan kotu na san zamana ya ƙare. Ba duka suke haka ba, amma ki bincika halin mai gidan kafin ki duba albashin.

Lauyan ƙaramin banki, Gumel:
Abin da ya fi ba ni wahala shi ne takardun kotu. Ɗan aiken kotu ya kawo sammaci ranar kasuwar Maigatari, ofis ba kowa, maigadi ya karɓa ya cusa a ƙarƙashin tabarmarsa. Ba mu ji labari ba sai da aka kusa yanke hukunci a bayan idonmu. Yanzu akwai littafi a bakin ƙofa, duk takardar da ke da tambarin kotu a rubuta a kira ni a take. Mu a banki ga umarnin riƙe kuɗin asusun wanda ake bi bashi; doka ta ce a kawo mana shi aƙalla kwana 14 kafin ranar zama, idan ba mu je mun yi bayani ba, bashin wani zai iya komawa wuyanmu.

Lauyan manoma, Ringim:
Ni a ɗaya ɓangaren nake, amma ku ba ni dama. Idan gwamnati ta karɓi gona, wajen biyan diyya sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya fi mayar da hankali kan abin da ke kan ƙasar, wato gini da shuka da bishiyoyi. Mutumin da ya gaji gonar kakansa ba ya jin wannan magana, kuma ban ga laifinsa ba. Na yi aiki da lauyoyin kamfani da suka sa aka ƙirga kowace ɗorawa da kuka da mangwaro a gaban mai gona. Na kuma ga waɗanda ba su taɓa taka gonar da ake shari'a a kanta ba. Shari'ar na biyun ce take kai mu har kotun ɗaukaka ƙara.

Ƙanwarku daga Bunkure:
Na gode ƙwarai manyana, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Kawunaina da 'yan'uwan babana duk suna kai shinkafa wannan kamfani. Idan rigima ta haɗa su fa?

Barista daga Kura:
Za ta haɗa su, ki sa a ranki. Ni ma an sha yi mini sallama bayan magariba a ce ɗanmu ne a ciki, ya za a yi a kai mu ƙara. Ki sa a rubuta a takardar ɗaukar aikinki cewa duk shari'ar da ta shafi danginki za ki sanar, a miƙa wa lauyan waje kai tsaye. Ki kuma tambaya wa za ki riƙa kai wa rahoto, manaja ko hukumar daraktoci, da wanda zai riƙa biyan kuɗin sabunta lasisinki na shekara-shekara. Sannan ki nemi jerin shari'o'in da ke kansu yanzu, har da na ma'aikata, domin ƙarar korar ma'aikaci kotun ma'aikata ta ƙasa take zuwa, kuma tana da reshe a Kano. Idan suka ƙi nuna miki jerin, kada ki sa hannu tukuna.