Wane agogo zan saya don tattakin safe? Wayata Tecno ce

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Shekarata 44, likita ya ce jinina ya fara hawa, ya ɗora ni a kan magani, ya kuma ce lallai in riƙa tattaki kullum. Ina fita bayan sallar asuba a cikin unguwa, ranar Asabar kuma mukan je Murtala Square da maƙwabciyata. Ina son agogon nan da ke ƙirga taku da bugun zuciya. A kasuwa wani ya nuna min mai ƙatuwar fuska, ya ce har hawan jini da suga yana aunawa, kuɗinsa kuma bai kai rabin na sauran ba. Abin da na ware bai wuce dubu 70 ba. Wuta kuwa kun san halin da ake ciki. Wanne zan ɗauka?

Baban Khalifa, mai gyaran waya a Kasuwar Gumi

Wa alaikumus salam Hajiya. Wayar da ke hannunki ita za ta fara rage miki zaɓi. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, ko an kawo miki na hannu da araha kada ki karɓa. Galaxy Watch kuma batirinsa kwana ɗaya ne zuwa biyu, wasu awon nasa ma sai da wayar Samsung suke buɗewa. Agogon da ke neman caji kowane dare, a garin nan, ba ya wata guda a hannu sai ya koma cikin durowa.

Abin da ya dace da aikinki da aljihunki shi ne siraran nan marasa nauyi: Xiaomi Smart Band 8 ko 9, Huawei Band 9, ko Samsung Galaxy Fit3. A kwalinsu an rubuta kwana 13 zuwa 21 a caji ɗaya, gwargwadon samfuri. Wannan lissafin kamfani ne. Idan kika bar awon zuciya a kunne dare da rana zai ragu, amma mako guda yana samuwa, muddin ba ki kunna saitin da ke barin fuskar agogon da haske koyaushe ba. Shi ne babban mai shan batir.

Ki duba manhaja kafin ki biya, domin agogon rabin aikin ne kawai. Na Xiaomi da Mi Fitness yake tafiya, tana Play Store. Fit3 yana buƙatar Galaxy Wearable da Samsung Health. Huawei Health kuwa ba ta Play Store, sai an sauko da ita daga shafin kamfanin, don haka a sa miki a shagon kafin ki bar wurin.

Sai matsalar da ta fi damun masu Tecno da Infinix: wayar tana kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. Sai mutum ya ga agogo ya rabu da waya, lissafin jiya bai shiga ba, ya ɗauka agogon ne ya lalace. Gyaran minti biyu ne. Ki haɗa agogon daga cikin manhajarsa, ba daga saitin Bluetooth na waya ba. Ki shiga saitin batir ki cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, ki ba ta izinin tashi da kanta, sannan ki kulle ta a jerin manhajojin da ke buɗe don kada a share ta idan an danna gogewa.

Anti Rabi, ma'aikaciyar jinya, Barnawa

Maman Ilham, don Allah ki ajiye wancan da aka ce yana auna suga. Babu agogon da ke auna suga ta saman fata da aka tabbatar da shi. A watan Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta gargaɗi jama'a kan irin waɗannan agogunan, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Lambar da suke nunawa, ta suga ko ta hawan jini, ba abin dogaro ba ce, kuma haɗarin a fili yake: mai hawan jini ya ga 120/80, wato awon mai lafiya, a hannunsa kullum, ya saki jiki ya daina shan magani.

Ko manyan agogunan Samsung da ke kimanta hawan jini, sai an daidaita su da na'urar awo ta gaske duk bayan kwana 28. Tunda kina kan magani, na'urar awon jini mai ɗauri a damtse ta fi miki agogo muhimmanci. Idan kuɗin ba za su isa biyun ba, fara da ita. Ki zauna ki huta minti biyar, bayanki a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ki auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, ki rubuta a littafi ki kai wa likitanki.

Abin da agogo mai kyau ya iya shi ne bugun zuciya. Koren hasken da ke bayansa yana haska fata, jini yana shanye wani kaso, daga raguwa da ƙaruwar hasken da ke dawowa yake ƙirga bugun. Amma ki tambayi sunan maganinki. Irin su atenolol suna rage saurin zuciya, mai shan su ba zai kai lambar da agogo ke nema ba, kuma bai kamata ya matsa wa kansa ba. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashi mai sarƙewa, ki tsaya nan take ki nemi asibiti, ko me agogo ya nuna.

Malam Sani, mai horar da 'yan tsere, Kawo

Na yarda da zaɓin Baban Khalifa, amma akwai abin da bai faɗa ba. Duk ukun babu GPS a cikinsu, wato abin da ke gano inda kike ya auna nisan tafiya, da na waya suke aiki. Idan kin bar waya a gida, za su ƙirga taku su kimanta nisa daga tsawonki, taswirar hanya kuwa babu. Mai fita da duhun asuba da ba ta son riƙe waya, in har tana son nisa daidai, sai ta nemi mai GPS a jikinsa, kamar Amazfit Bip 5 ko Smart Band mai Pro a ƙarshen suna. Garmin Forerunner 55 ya fi su ƙwarewa, awa 20 yake yi da GPS a kunne, amma ya zarce kuɗinki nesa, kuma na masu shirin gudun dogon zango ne.

A wurinki ma minti ya fi kilomita amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 30 sau biyar kenan a ƙalla. Tafiya mai ɗan sauri tana kai wajen taku 100 a minti, wato taku 3,000 a fita ɗaya. Taku 10,000 da wasu agogunan ke sa wa mutum tun daga kwali ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a 1965, ba umarnin likita ba ne. Ki sa agogon mako guda kina harkokinki yadda kika saba, ki ga matsakaicin takunki, ki ƙara 1,000 a kai. Bayan mako biyu ki sake ƙarawa.

Ma'aunin da ba ya buƙatar batir: idan kina iya magana da maƙwabciyarki amma ba za ki iya rera waƙa ba, saurin ya yi daidai.

Kada lissafin taku ya ruɗe ki. Motsin hannu agogo ke ji, don haka tuƙa tuwo, wanki da girgizar Keke Napep a hanya mai ramuka duk suna shiga a matsayin taku. Ki ɗaura a hannun da ba ki cika aiki da shi ba, ki gaya wa manhajar hannun da kika zaɓa, kuma ki danna fara tattaki idan kin fita, ki tsayar idan kin dawo. Lambar kalori kuwa, wato ƙarfin abinci da agogo ya ce jikinki ya ƙona, kada ki ci abinci da ita. A binciken da Jami'ar Stanford ta yi a 2017 kan agoguna bakwai, wanda ya fi kusa da gaskiya a kalori ya kauce da kashi 27 cikin 100.

Maman Ilham

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa wancan. To alwala fa, da ruwan sama? Kuma ina yawan yin lalle, zai hana shi aiki?

Hajiya Binta, Malali

Ki duba bayan kwali. Idan an rubuta 5ATM, alwala, ruwan damina da gumi ba za su yi masa komai ba, kuma ukun da aka fara ambata duk suna da shi. IP68 kaɗai ya isa fantsama da ƙurar hunturu, amma ba na ninƙaya ba ne. Abin da ke kashe su shi ne ruwan zafi da sabulu, suna cinye robar da ta toshe mahaɗar jikin agogon. A cire kafin wanka.

Fatarki ce abin lura. Ruwa da gumi suna kwanciya a ƙarƙashin maɗaurin roba, a zafin Maris da Afrilu sai ƙuraje da ƙaiƙayi su fito. Ki cire lokacin alwala, ki goge hannu ya bushe kafin ki mayar. Ki ɗauraye maɗaurin da ruwa zalla bayan kowane tattaki. In fatar ta ƙi roba, akwai maɗaurin yadi da ake sayarwa daban.

Lalle mai duhu, musamman baƙi, yana iya tare hasken idan ya faɗo daidai inda bayan agogon ke zama. Ki ce wa mai ƙunshi ta bar wurin, ko ki matsar da agogon sama. Dama mazauninsa faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu ne sama da ƙashin wuyan hannu, a ɗaure yadda ba zai riƙa zamewa ba. Da sanyin asuba a hunturu jini yana janyewa daga fata, awon mintunan farko kan yi tsalle, sai jiki ya ɗumama yake daidaita.

Baban Khalifa

Ƙari kan saye, Hajiya, don jabu sun yi yawa. Na gaske yana haɗuwa da manhajar kamfaninsa. Idan kwali ya ce Xiaomi amma aka ce ki sauko da wata manhaja daban, mayar masa da kayansa. A shagon, ɗaura shi, ki sa yatsu biyu a wuyan ɗaya hannun a sa wani ya duba miki daƙiƙa 30, ki ninka abin da kika ƙirga sau biyu ki kwatanta. Sannan ki hau bene ki sauko, lambar ta tashi, ta kuma sauka a hankali idan kin zauna. Ki karɓi rasit mai lambar agogon.

Cajarsa ta maganaɗisu ce, ba kowace ke shiga kowane agogo ba, ki sayi ta biyu tun yanzu. Wasu fawa bank suna kashe kansu saboda wutar da agogo ke ja ba ta da yawa, a da yawansu danna maɓalli sau biyu yana buɗe cajin ƙananan kaya. In ya ƙi caji wata rana, kafin ki kawo gyara ki goge ƙananan ƙarafa biyun da ke bayansa da busasshen buroshin haƙori, gishirin gumi ne yake taruwa a kansu.