Kwalaben rainon tumatir ɗina duk fumfuna ta cinye, ina matsalar take?

Ɗan Jega:
Salam jama'a. Ina aji huɗu, furojet ɗina fitar da tumatir ne daga ɗan yankin tsiro cikin kwalba a lab. Iri ya tsiro lafiya lau, da ya kwana takwas na yanke kunnuwan nan biyu na farko na aza bisa abincin MS (haɗin sinadaran da ake rainon tsiro da shi cikin kwalba), kwana huɗu sai ga fumfuna fara kamar auduga ta rufe komi. Cikin kwalba ashirin, uku kaɗai sunka tsira, su ma ba reshe sai wani ƙullutu. Mi na yi ba daidai ba?

Anti Mai Lab:
Ƙanena yi haƙuri, kowa da haka ya fara. Abincin nan sukari giram 30 ne a lita, ai walima ka shirya wa fumfuna. Duba inda ta faro, in daga jikin yankin ne to irin bai wanku ba, ka tsoma shi a sifirit mai kashi 70 kamar minti ɗaya sannan Jik da aka sirka, ka ɗauraye sau uku da ruwan da ya bi ta otokilef, tukunyar nan mai kashe ƙwayoyin cuta da tururi. In kuwa can gefe ta fito to iska ce ko hannunka, ko abincin bai samu digiri 121 na minti 15 ba. Hantsaki da reza a wuta kowane yanka, kuma ban da hira kan buɗaɗɗiyar kwalba.

Malam na Birnin Kebbi:
Ƙullutun kada ka zubar, kalos ke nan, naman na da rai. Tun 1957 masana Skoog da Miller suka nuna cikin sinadaran girman tsiro, in saitokainin ya rinjayi oksin reshe ke fitowa, in oksin ya rinjaya saiwa. Ƙara BAP, wato saitokainin, in rassa sun fito ka mayar da su kan IBA, wato oksin. Ka gode Allah ba tattasai aka ba ka ba, shi taurin kai gare shi.

Manomin Aliero:
Ni hwa ban gane ba, abin da muka yayyafawa a fangali ya fito shi za a sa a kwalba?

Malam na Birnin Kebbi:
Alhaji ai ba don gonarka ba ne, yayyafi ya fi araha nesa ba kusa ba. Masu gyaran iri ke buƙatarsa. Inda ya fi amfani doya da rogo da ayaba, cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan da shi suke samun dashe mara cuta.

Ɗan Jega:
Anti a gefe ta faro. Kuma wallahi fankar sama na kunne ranar saboda zafi, ban ma kawo ta a rai ba.