Idan ƙoda ta tsaya farat ɗaya

Ga taƙaitaccen bayani kan tsayawar aikin ƙoda farat ɗaya. Ƙoda biyu na tace kimanin lita 180 na ruwan jini kullum, fitsarin da ke fita kuwa bai fi lita 2 ba. Amai da gudawa, zubar jini wajen haihuwa ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kan tsayar da su cikin kwanaki.

An fi jan kunne kan magungunan kashe ciwo diclofenac da ibuprofen, don suna iya illata ƙoda: kada mai gudawa ya sha su. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, duk da wasu mutane na goyon bayansu. Fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura? A tafi asibiti a auna creatinine, wani sinadari a jini da ke nuna yadda ƙoda ke aiki. Sau da yawa ƙodar kan farfaɗo, wani lokaci bayan wankin ƙoda na ɗan lokaci.