Wasan Life is Strange: ya dace da yarinya 'yar shekara 15?

Abban Hauwa, Garwa:
Assalamu alaikum. 'Yata ta roƙe ni in sauke mata wannan wasa a wayata, tana cewa labarin ƙawaye biyu ne kawai da mayar da lokaci baya. Kafin in amince, ina son jin ta bakin wanda ya buga shi har ƙarshe.

Ɗan Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kamfanin Dontnod na birnin Faris ne ya shirya shi, Square Enix ya fitar da shi a 2015 kashi biyar. Mai wasa yana bin Max, ɗaliba mai koyon ɗaukar hoto a wani ƙagaggen gari na jihar Oregon a Amurka, wadda ta gano tana iya mayar da lokaci baya ranar da aka harbi ƙawarta Chloe a gabanta. Magana da Turanci ake yi, amma akwai fassarar Faransanci a ƙasan allo, don haka yaranmu za su bi labarin. Sai dai a Turai an ware shi ga masu shekara 16 zuwa sama, saboda akwai shaye-shaye, ashar da kisa, akwai kuma wurin da abotar 'yan matan za ta iya karkata zuwa soyayya.

Malama Zainabu, Injamena:
Abban Hauwa, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kashi na biyu. Wata ɗaliba mai suna Kate, wadda abokan karatu suka wulaƙanta da wani bidiyo, ta hau rufin ɗakin kwanan ɗalibai za ta faɗo, kuma a daidai nan ikon Max ya ƙare, ba damar sake gwadawa. Abin da zai cece ta shi ne ko ka ɗauki kiranta a waya tun da farko, ko ka lura da hoton 'yan uwanta da saƙon mahaifinta a ɗakinta. A matsayina na malamar makaranta, ina ganin wannan wuri yana da matuƙar amfani, amma ya yi wa yarinya nauyi ta fuskance shi ita kaɗai cikin dare.

Abban Hauwa, Garwa:
Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Zan fara buga shi da kaina tukuna, sannan in yi shawara da mahaifiyarta.