Musayar Waƙa Kan Yajin Aiki da Hannun Mata a Cikinsa

Malam Haruna, Mai Wurno:
Na buɗe zauren da amsa-amon "ya", kuma ina roƙon mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake fara baitina,
Kan masu yajin da suka girgiza duniya.
A Atbara ta Sudan, garin ƙarfe da wuta,
Ma'aikatan jirgin ƙasa suka ɗaga murya.
A 1946 suka kafa ƙungiyarsu,
Turawan mulki suka ƙi ta gaba ɗaya.
Yajin 1947 ya tilasta a amince da ita,
Na 1948 ya tsai da jirgi kwana 33 bisa hanya.
Maza ne suka ajiye guduma da shebur,
Su nake yabo, kuma ba na jin kunya.

Hajiya Ladi, Wad Madani:

Allah gafarta Malam, baiti ya yi daɗi,
Sai dai ka ƙidaya guduma ka manta tukunya.
Magidancin da albashinsa ya yanke wata guda,
Wa ya ci da 'ya'yansa har ya jure wuya?
Ka dubi layin dogo daga Dakar zuwa Bamako,
Yajin 1947 ya haura wata biyar babu ja da baya,
Domin mata sun riƙe gidaje da ɗan cinikinsu,
Alhali Faransawa na jiran yunwa ta karya zuciya.
A Ikko ma, a yajin gama-gari na 1945,
Da Imoudu ya jagoranta a ƙasar Nijeriya,
Matan kasuwa sun zuba kuɗi a asusun yaji,
Sun kuma rage wa ma'aikata farashin kaya.

Malam Haruna:

Hajiya, na karɓi hujjarki hannu biyu,
Amma tallafi daban, jagoranci aikin manya.

Sa'adatu, Gadarif:

Baba Malam, ka yi mini izini in tanka,
Ko da yake a gabanka ni ƙaramar ɗiya.
A Landan, a 1888, 'yan matan masana'antar ashana,
Waɗanda gubar fosfaras ke cin muƙamuƙinsu har wuya,
Ga tarar da ake yanka a ɗan ladan nasu,
Su da kansu suka fita, babu namiji a kan hanya.
Ranar 8 ga Maris 1917, a birnin Petrograd,
Matan masaƙa suka bar zare don burodi ya yi wuya,
Suka kira mazan masana'antu su biyo sahu,
Cikin mako guda sarkin Rasha ya sauka daga karagar manya.
A nan gida Sudan, yajin Oktoba 1964 ya kawar da mulkin soja na Abbud,
Ƙungiyar Matan Sudan na ciki, ba a baya.
Fatima Ahmad Ibrahim ta shiga majalisa a 1965,
Tana neman aiki ɗaya ya zama albashi ɗaya.

Hajiya Ladi:

Madalla 'yata, amma akwai waɗanda muka tsallake,
Kuma su ne suka fi kusa da mu, a gaskiya.
Da manoman audugar Jazira suka yi yaji a 1946,
Masu hawasha, wato gonar haya, ne ke neman kuɗinsu na ajiya.
Iyayenmu mata da ke tsinkar audugar nan,
Akasarinsu 'yan ƙodago ne, ba gona ko ɗaya.
A kambo, wato sansanin 'yan ƙodago, suke kwana, da awo ake biyansu,
Ba su da ƙungiya, balle wakili mai murya.
Malam, kai da ka san tarihin Atbara daki-daki,
Ka taɓa jin an zauna kan ladan mai tsinka da goyo a baya?